Injin Da Na Bari Ya Saya

Kafin ku fara zagina a ƙasan rubutun nan, ku bari in kai ƙarshe. Na san zan sha, kuma ba zan goge zagin kowa ba, don ni ma tun jiya nake yi wa kaina tas a gaban madubi.

Ga waɗanda yau suka shigo: wata bakwai ke nan ina tare da wani bawan Allah da Gwaggona ta laƙaba wa Ɗan Ofis, saboda ranar da ya fara zuwa wurina ko katin aikin da ke rataye a wuyansa bai cire ba. A wayata "Nawa" na rubuta, da 'yar jar zuciya a gefe. Shi kuma Gimbiya yake kirana. Wai da ganin yatsuna ya san ban taɓa ɗaga abin da ya fi kofin shayi nauyi ba.

Gidan Gwaggo nake zaune tun da na shiga jami'a, don ya fi kusa da makaranta. Gida ne mai baƙin get, da furanni a jikin katanga, da motoci biyu a rumfa. A nan ya fara ganina, a nan yake sauke ni. Ranar da ya tambaye ni sana'ar mahaifina, na ce, "Harkar motoci yake."

"Ah, shigo da su yake yi ke nan."

Ban ce e ba. Ban kuma ce a'a ba. Na gyara mayafina na kalli taga. A kan wannan shirun na ɗora wata bakwai.

Babana goge mota yake yi. Rumfar kwano gare shi a ƙarshen layin masu gyaran mota, inda kowa ke kiransa Mai Sheƙi. Ni kaɗai ya haifa, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Tun ina 'yar shekara goma, in an tashi makaranta rumfar nake sauka. Na fara da miƙa tsumma, na koma manna tef a gefen ƙofofi, har na kai ga riƙe inji. Wata uku cur ya sa ni goge wani tsohon bonet da aka jefar kafin ya yarda na taɓa motar mutane.

Injin goge mota iri biyu ne, kuma Baba ya raɗa wa kowanne suna. Akwai mai juyi wuri ɗaya kamar fanka, ga ƙarfi ga sauri, shi ne Zaki. In ka iya shi, nan da nan zai share maka duk wani karce. In ba ka iya ba, ka ɗan daɗe a kan kaifin bonet, ya cinye fentin har ƙasa kafin ka ƙifta ido. Akwai kuma mai juyawa yana 'yar rawa gefe da gefe, wanda in ka danne shi da yawa sai juyin ya tsaya da kansa. Shi ne Tunkiya. Ba shi da hanzari, amma ba ya cizo. Duk wanda ya zo wurin Baba neman shawara amsa ɗaya yake samu: sabon hannu, Tunkiya.

Ni kaina Zaki ya taɓa cizona ina shekara sha huɗu. Tabon na nan a wuyan hannuna na hagu. Shi ya sa kullum nake ɗaure da agogo mai faɗin maɗauri. Ranar da Nawa ya hango bakin tabon, na ce dutsen guga ne.

Gwaggo kuwa, wadda ƙanwar Baba ce, ta fara ƙosawa da ni.

"Ke wai yaushe Ɗan Ofis zai je ya gaida Yaya? Kullum sai dai ya cika mini falo da turare ya tafi."

"Zai je, Gwaggo. Aiki ne ya yi masa yawa."

"Ke kuma wane aikin ya yi miki yawa? Jiya Yaya ya kira ni, wai Uwata lafiya kuwa, wata uku ba ta leƙo rumfa ba. Na ce karatu ne. Kin mai da ni maƙaryaciya da tsufana." Ta sauke tabarau ta kalle ni ta samansa. "Ki kiyayi kanki, yarinya. Get ɗin nan na mijina ne, ba na ubanki ba."

Na shige ɗaki na rufe ƙofa kamar ban ji ba. Na ji.

Ana cikin haka, ran nan ina kwance ina duba waya saƙonsa ya shigo.

"Gimbiya, na ajiye aiki."

Na tashi zaune. "Wasa kake?"

"Wallahi. Na gaji da zaman kujera. Sana'ar kaina zan buɗe. Ki cinka."

"Sayar da waya?"

"A'a. Wanke mota da goge ta, irin na zamani, har gida zan riƙa zuwa. In na gama da mota sai mai ita ya ga fuskarsa a jiki. Wata biyu ina kallon bidiyo. Gobe ki shirya ki raka ni in zaɓi inji."

Jama'a, duk sana'o'in da Allah ya saukar a duniya. Na daɗe ina kallon rubutun. Wata zuciyar ta ce, ga ƙofa an buɗe miki, ki faɗa masa yanzu, mutumin da ya bar ofis don wannan aikin ba zai raina mai yin sa ba. Wata kuma ta ce, ba sana'ar zai raina ba, wata bakwai ɗin zai tambaya. Na bi ta biyun. Na rubuta, "Allah ya sa albarka, Nawa. Ni dai ban san komai a kai ba, amma zan zo in taya ka kallo."

Washegari na sa doguwar riga ruwan madara, mayafi ruwan ƙasa, da takalmi mai tsini, irin shigar da ke cewa mai ita ba ta taɓa shiga shagon ƙarafa ba. Muna sa ƙafa warin folish ya doki hancina, warin rigar Baba.

Mai shagon ƙato ne mai yawan dariya. Ya ɗora injina biyu a kan kanta, ɗaya ja ɗaya ruwan toka. Ba sai an gaya mini ba. Jan Zaki ne.

"Oga, da ganinka ba ƙaramin aiki za ka yi ba," in ji shi. Ya ɗaga mai ruwan tokar kamar ya ɗauki abin wasan yara. "Wannan na masu shafa motarsu ranar hutu ne. Wannan kuwa," ya daki jan da tafin hannu, "shi manya ke riƙewa. Aikin da wancan zai yi maka a wuni, wannan awa ɗaya ya gama."

"A bidiyo na ji wasu na cewa ƙaramin ya fi dacewa da mai farawa," in ji Nawa.

"Bidiyo! Su masu bidiyon da za ka shiga garejinsu me za ka tarar? Kai da za ka yi motar manyan mutane, ka fito da wannan a gabansu yana kyarma kamar mai zazzaɓi?"

Nawa ya yi dariya, ya shafa ƙeya, ya juyo wurina. "Gimbiya, ke zaɓa mini. Hannunki da albarka."

"Yauwa, a ba amarya ta ji nauyinsa," mai shagon ya ce, ya miƙo mini Zaki don tsokana, yana jiran in yi ƙara in sake shi.

Hannu ba ya mantuwa. Kafin in yi tunani na kama shi daidai, dama a baya hagu a gaba, na wurga wayar wutar ta kan kafaɗata, yadda Baba ya koya mini don kada ta ja a jikin fenti.

Dariyar mai shagon ta tsaya. "Kai! Amarya ta san aiki. Wa ya koya miki rataya waya a kafaɗa?"

Na ce, "Tsoro nake kada in taka ta da takalmin nan." Na yi maza na ajiye, ina yarfe hannu kamar ya yi mini nauyi. Nawa ya ce sannu, har da duba mini tafi.

"To wanne?" ya sake tambaya.

Kalma ɗaya ce tsakanina da gaskiya. Amma idon mai shagon na kaina, kuma na san in na ce mai ruwan toka, tambaya ta gaba ita ce don me. Na langaɓe kai na yi muryar shagwaɓa.

"Ni me na sani? Jan nan ya fi kyau a ido."

Ga shi na rubuta. Ba shiru kawai na yi ba. Da bakina na zaɓa masa.

Ya rungumi kwalin har mota kamar jariri. A hanya yake ba ni albishir ya riga ya samu aikin farko: tsohon ogansa na ofis ya yi tafiya, ya bar masa makullin babbar motarsa, ya ce in ta yi kyau zai haɗa shi da abokansa duka.

"Wace kala ce?"

"Baƙa wuluk."

Na rufe ido. Baƙar mota ba ta rufa wa kowa asiri, ko numfashi ka yi a jikinta sai ya fito.

Ranar Asabar da safe na rubuta masa: "Ka manna tef a duk kaifin jikinta. Kada gudun injin ya wuce lamba biyu. Ka riƙa taɓa wurin da bayan hannu, in ya ɗau zafi ka matsa." Na karanta sau uku. Na goge. Na tura, "Allah ya ba da sa'a."

Da azahar ya turo hoto daga cikin rumfar gidan ogan, motar na walƙiya, shi yana tsaye a gefe yana washe baki. "Kin ga aikin mijinki?" A zuciyata na ji muryar Baba: a inuwa ka duba, yanzu fito da ita rana.

Ba a yi rabin awa ba ya kira. Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

"Gimbiya, na kashe kaina. Na fito da ita waje, duk jikinta zane-zane kamar saƙar gizo. Kuma gefen bonet... fentin ya tafi. Fari nake gani. Fari, tsawon yatsa. Jibi mutumin zai dawo."

Na zauna a bakin gado ina cewa innalillahi, kamar abin ya zo mini ba zato.

Da yamma wani saƙon ya shigo. "Na tambayi mutum huɗu, duk suna ɗaya suka ba ni. Wai wani dattijo a layin masu gyara, Mai Sheƙi. Sun ce in ya kasa, babu mai iyawa. Gobe da safe ki raka ni."

Na ce kaina na ciwo. Na ce ina da karatu. Na ce Gwaggo ta aike ni.

"Don Allah. Kunya nake ji, ƙafata ba za ta kai ni ni kaɗai ba. In kina gefena zan iya buɗe baki."

Shi ke jin kunya. Ku ji fa.

Na ɗauko lambar Baba sau biyar ban danna ba. Me zan ce masa? Baba, gobe zan zo, don Allah ka yi kamar ba ka haife ni ba?

Lahadi ce, rabin rumfunan layin a rufe. Na sa baƙin gilashi mai cin rabin fuska, na ja mayafi har goshi. Tun daga nesa na hango shi a durƙushe yana wanke soson inji a bokiti, da tsohuwar rigarsa shuɗiya wadda ni na ɗinke mata aljihu. Ya rame. Ya miƙe a hankali yana dafe da kafaɗar dama, wadda ta daɗe tana damunsa.

Na fito daga motar. Gilashin banza! Mutumin da ya san tafiyata tun ina rarrafe. Fuskarsa ta buɗe gaba ɗaya, ya saki soson, leɓensa ya fara haɗa sunan da yake kirana.

"Baba, barka da asuba," Nawa ya riga shi, ya rusuna har ƙasa. "Ni ne na kira jiya. Wannan kuma ita ce wadda nake fatan aura. Ita ma mahaifinta harkar motoci yake, shigo da su yake yi."

Baba ya kalle ni. Ni na kalli takalmina.

 Sai na ji Baba ya ce, a hankali, "Ma sha Allah. Babban mutum ke nan." Ya shiga ciki ya fito da farar kujerar roba, wadda na yi shekaru ina aikin makaranta a kanta. Ya zaro tsumma mai tsabta ya goge ta sama da ƙasa. "Bismillah, baiwar Allah. Ki yi haƙuri da wurin namu, akwai ƙura."

Da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na zauna.

Ya zagaya motar a rana, ya shafa bonet ɗin da bayan hannu. "Da wanne ka yi?"

Nawa ya buɗe kwalin. Baba ya girgiza kai yana 'yar dariya. "Yaro, ranar farko ka hau Zaki? Wa ya ba ka wannan shawarar?"

"Laifina ne, Baba. Ni na zaɓa."

Ko kallona bai yi ba da ya faɗa. Ya rufa mini asiri a gaban mutumin da shi ma yake rufa mini asiri.

"Zanen nan zai fita yau," in ji Baba. "Gefen nan kuwa sai an fesa fenti, gobe. Kuma ka faɗa wa mai motar da bakinka. In ka ɓoye, wata rana zai tsaya a rana ya gani, daga nan ba zai ƙara yarda da kai ba."

Ya manna tef, ya ɗiga folish, ya wurga wayar wutar ta kan kafaɗa. Na ga Nawa ya ɗan karkata kai yana kallon wayar. Inji ya ɗauka. Minti goma na farko lafiya lau. Daga nan na fara ganin abin da Nawa ba zai gani ba: gwiwar hannun Baba na sauka, yana cije leɓe, soson na karkata gefe ɗaya. Da can a daidai nan nake karɓarsa. Wata uku ban zo ba, ban taɓa tambayar wa ke karɓarsa ba. Babu kowa. Da ya iso saman ƙofa, inda dole a ɗaga hannu, Zaki ya fizge, saura kaɗan ya hau kaifi. Baba ya kashe shi, ya jingina goshi da hannunsa yana mai da numfashi.

"Ba komai," ya ce. "Tsufa ne. Bari in ɗan huta."

Ban san na miƙe ba. Na cire gilashin. Na zare zobe, na kwance agogon, don dokar rumfar nan ce ba a kusantar fenti da ƙarfe a hannu. Na tuɓe takalmin na tsaya a kan siminti.

"Baba, kawo."

Ya ɗago. Idonsa ya yi ja. "Uwata, kayanki masu kyau ne..."

"Kawo, Baba."

Na ɗaure mayafina a ƙugu, na rataya waya a kafaɗa, na mai da injin lamba biyu. Ban waiwaya ba. Awa uku ina bin motar nan gefe-gefe, ina taɓawa da bayan hannu, folish na fantsama a rigata ruwan madara, hawaye na ɗiga ina share su da kafaɗa don kada su sauka a inda na gama. Baba na biye da ni da tsumma, ba ya cewa komai sai "ƙasa kaɗan" da "ya isa nan." Da muka tura ta rana, babu zane ko ɗaya. A jikin ƙofar na hango Nawa tsaye a bayana, idonsa a kan tabon hannuna.

Ya durƙusa ya yi wa Baba godiya. Ya mai da Zaki cikin kwali, ya ɗauka, ya bi layin a ƙafa. Ni bai ce mini ko kanzil ba.

Na shige ɗan ɗakin ajiya na bayan rumfar, na zauna a kan bokiti tsakanin gwangwanayen fenti. Baba ya kawo mini ruwa a kofinsa na ƙarfe. Na buɗe baki in ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Hannunki bai lalace ba," ya ce. "Saman ƙofar hagu ne kawai kika ɗan yi sauri." Ya fita.

Bayan la'asar waya ta yi ƙara, saƙon Nawa ne.

"Wanne ya kamata in saya ranar?"

Babu Gimbiya. Na rubuta, "Mai ruwan toka."

"Kin sani tun a shagon?"

"Na sani."

Alamar yana rubutu ta fito. Ta ɓace. Ta sake fitowa, ta daɗe, ta ɓace. Na riƙe wayar da hannu biyu har fuskarta ta yi duhu.

Can na ji takun Baba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana goge hannu da tsumma.

"Uwata, yaron nan ya dawo. Yana waje da wani kwalin, ba na ɗazu ba."

Na zabura, ina neman takalmina, ina gyara mayafi.

"Zauna," in ji Baba. "Ba ke ya ce a kira ba. Ni ya ce yana son gani."